Bappana Mai Bin Birai

Ranar da Bappa ya rasu, masu ta'aziyya sun cika ƙofar gidansa a Majidaɗi har tabarmi suka ƙare, aka aro bencina daga maƙwabta. Ni ina ciki tare da mata, a ɗakin Inna, matarsa. Tagar ɗakin tana fuskantar waje, don haka duk abin da maza ke faɗi yana shigo mana.

Limamin unguwa ya ce shi shaida ne Bappa bai taɓa cin haƙƙin maƙwabci ba. Tsofaffin abokan aikinsa na gandun daji sun zo a mota ɗaya, suka ce mutum ne mai ƙwazo, sai dai taurin kai, ba su jima ba suka tashi. Wani mai wucewa ya tsaya ya tambayi wa ya rasu, aka ce masa mai birai ne. Na ji ya fara dariya, ya haɗiye ta, ya ce Allah ya jiƙansa. Mahaifina, wanda shi ne ƙanen Bappa, yana can ƙarshen tabarma. In aka ce masa ya haƙuri, sai ya gyaɗa kai kawai.

Da rana ta take, wata tsohuwa 'yar Mumuye ta shigo da doya a ka. Daga ƙauyensu na gindin dutse ta tako da ƙafa. Ta sauke kayan, ta zauna a ƙasa kusa da Inna. Can ta ce, da irin Hausarsu, "Malam ya tafi, biri ya tafi, ruwa ma ya tafi. Saura mu." Inna ba ta yi kuka ba tun safe, ba ta kuma yi a lokacin ba. Ta ce dai ya huta da jira.

Har aka yi addu'ar uku ban ji wanda ya faɗi abin da Bappa ya ƙarar da rayuwarsa a kai ba. Kowa yana kewaye shi kamar wani abin kunya. Shi ya sa na zauna na rubuta ɗan abin da na sani, ni da na tashi a hannunsa.

Su biyu ne maza a wurin kakanmu. Da aka zo neman yara a kai boko, Bappa aka bayar, mahaifina ya tsaya kan gona da 'yan shanun da suka rage. Bappa ya karanta aikin daji da namun daji, ya yi shekaru yana yawo a gandun daji daban-daban, sannan aka dawo da shi Jalingo tun muna cikin tsohuwar jihar Gongola. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna, sai aka ba su ni ina 'yar shekara biyar ko shida. A gidansa na yi karatu har na zama malamar firamare, daga gidansa aka kai ni ɗakin miji.

Akwai wani dutse bayan gari, da rafi yana bin gindinsa, da kurmi mai duhu a gefen rafin. Garken birai ne ke zaune a wurin, irin manyan nan masu dogon baki kamar na kare, waɗanda ake kira bika. Su ne Bappa ya sa a gaba. Yana idar da sallar asuba zai ɗaura gorar ruwa a bayan tsohon babur ɗinsa, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, sai kuma la'asar. Da farko in sun hango shi gudu suke yi. Ya yi ta zama nesa da su, kullum da riga iri ɗaya, ba ya kallonsu ido cikin ido, har suka gaji da tsoronsa suka ci gaba da harkarsu yana zaune a tsakiya. Abin da yake son sani ba wani abu mai wuyar faɗi ba ne: ina suke kwana, ina suke shan ruwa, me suke ci a kowane wata, kuma me ke kai su gonakin mutane.

Don ya san abin da suke ci, kashinsu yake tsinta ya ƙulla a leda ya kawo gida. Wata rana Inna ta nemi rariyarta ta rasa, ta zaga bayan ɗaki ta same shi a tsugune yana wanke kashin biri a ciki, yana ware 'ya'yan itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin Inna ta yi fushi irin na ranar ba. Ta ce ita 'yar mutunci ce, ba a kawo ta gidan nan don ta tankaɗe gari da abin da aka tace najasa ba. Bappa ya ba ta haƙuri, ya tafi Kasuwar Jalingo ya sayo mata sabuwa, ya kuma riƙe tsohuwar da murna. Ƙwayoyin da ya ware yakan shuka su a gwangwanaye ya jera a jikin katanga, don ya ga itacen da zai fito. Ɗinya ta fito, kanya ta fito, ɓaure da tsada duk suka fito.

Daga nan ya gane abin da ya riƙa faɗa wa duk wanda zai saurara. Muddin itatuwan kurmi suna da 'ya'ya, birai ba su cika damuwa da gona ba, don shiga gona kasada ce gare su, akwai karnuka akwai jifa. Sai kurmi ya yi ƙaranci suke zama ɓarayi. Yakan ce, kafin ka zagi biri, ka tambayi abin da ya ci jiya. Ya rubuta wa na gaba da shi a wurin aiki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yana roƙon a bar wannan zirin kurmin tsakanin dutse da rafi kada a taɓa. Bai nemi a ƙwace gonar kowa ba. Ana ce masa ana dubawa.

A lokacin ba wanda ya damu da wurin, don haka jiran bai yi masa ciwo ba. Sai aka ba mu jiha, Jalingo ta zama babban birni. Mun yi murna, har da shi. Ma'aikata suka cika gari, kowa yana neman inda zai gina. Wani ɗan kwangila ya kafa injin fasa dutse a ɗaya gefen, yana sa nakiya, ƙarar tana kaiwa har cikin gari. Bayan haka kananzir ya yi wuya, gidaje suka koma itace da gawayi, masu gatari suka shiga kurmi. Bappa ya ce duk ranar da aka tashi nakiya, birai ba sa komawa makwancinsu na kan dutse, sai su kwana a tarwatse a kan itatuwa, 'ya'ya suna kuka.

Cikin waɗannan shekarun ne na haifi ɗana na fari, ya yi wata huɗu, zazzaɓi ya ɗauke shi. Na dawo gidan Bappa na kwanta. Mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, yaro ne mai ceto, kuka ba kyau, wani na tafe. Na san gaskiya suke faɗi, amma duk wadda ta faɗa sai in ji kamar ta ƙwace min shi karo na biyu. Ina ɓoye 'yar hularsa a cikin zanina, in ba kowa sai in shinshina.

Bappa bai ce min in yi haƙuri ba. Wata safiya ya leƙo ya ce in sa takalmi mai rufi, zan raka shi. Inna ta ce mace mai makoki ba ta hawa babur zuwa daji, ya ce iska kawai za ta sha. Shi ne zuwana dutsen na farko. Muka zauna a kan wani falalen dutse, rana tana fitowa, sai ga su suna gangarowa a jere, manyan maza a gefe, uwaye da 'ya'ya a maƙale a ciki ko a zaune a baya kamar masu hawan doki. Suka zazzauna suna tsince wa juna ƙwari a gashi. Yana nuna min su a hankali, yana faɗin wace ce uwar wace, wace ce ba ta shiri da wace. Ya ce mata ba sa barin garken da aka haife su har su mutu, maza ne ke tafiya in sun girma.

Sannan ya nuna min wata da ke zaune ita kaɗai, mai yagaggen kunne. Ya ce bara ɗanta ya mutu. Ta ɗauki gawar ta yi ta yawo da ita kwana da kwanaki, tana hawa dutse da hannu ɗaya, tana kore mata ƙuda, tana gyara mata gashi, har ta bushe ta zama kamar tsumma.

"Abin da na lura, ɗiyata," in ji shi, "duk garken nan ba wanda ya ce mata ta ajiye. Sukan jira ta in ta yi baya. Ranar da ta ga dama ta ajiye da kanta."

Nan na yi kukan da ban samu yi a gida ba. Bai hana ni ba, bai ma dube ni ba, ya sa madubinsa a ido ya ci gaba da aikinsa har na gama. Da Inna ta ji labarin da ya ba ni, ta ce wane irin mutum ne zai kwatanta 'yarsa da biranya. Ni kuwa a duk ta'aziyyar da aka yi min, ita ce ta shige ni.

Gonar mahaifina tana gindin wannan dutsen, ta gado ce, ta yi iyaka da kurmi. Yana da iyali da yawa, abinci ya yi tsada, sai ya share wani yanki na kurmin ya ƙara masara. Maƙwabtansa suka yi haka su ma. Bappa ya je ya same shi ya ce abin da yake sarewa shi ne katangar gonarsa. Mahaifina ya ce itacen ɗinya bai taɓa cika rumbu ba.

Damina biyu bayan haka birai suka sauka a gonakin nan kamar fara. Ba na cewa mahaifina bai cutu ba. Na ga gonar da idona, kara a kwance, masara a gutsuttsure a yashe, don biri ba ya cinye wadda ya karya sai ya kai wa wata hannu. Ƙannena suka bar makaranta suna gadi da gwangwani da majajjawa. Wani babban namijin biri ya kama ɗan akuya a gaban ƙanwata ya yaga shi, yarinyar ta yi kwanaki tana firgita. Manoma suka zo wurin Bappa har gida suka ce tunda nasa ne, ya yi musu magana. Ya ba su shawarar yin gadi na karɓa-karɓa, da matsar da masara nesa da dutse a sa barkono ko riɗi a bakin kurmi, ya ce su ba shi lokaci yana kan neman a hana saran. Suka tafi suna cewa malamin ya zautu.

Ba su ba shi lokacin ba. Suka sayo maganin ƙwari mai ƙarfi, suka fafe kabewa da gwanda suka zuba, suka jera a bakin gona.

Tsohuwar nan 'yar Mumuye ce ta tare shi a hanya da safe ta ce kada ya ƙarasa. Ya ƙarasa. Ya same su a bakin rafi, don guba tana sa ƙishirwa, duk sun ja jiki zuwa ruwa. Wasu sun mutu, wasu suna shure-shure da kumfa a baki. Mai yagaggen kunne tana ciki, da sabon jariri a maƙale a cikinta, shi ma ya sha a nono. Bappa bai taɓa ba ni wannan labarin ba, a bakin tsohuwar na ji. Ta ce ya zauna a cikinsu har na ƙarshe ya daina motsi, sannan ya roƙi 'ya'yanta su taya shi haƙa rami mai zurfi, don kada ungulu da karnuka su ci su ma su mutu. Da hannunsa ya riƙa jan su zuwa ramin.

Da yamma ya zo gidan mahaifina a unguwar Turaki. Ina nan, na kai wa mahaifiyata ziyara. Bai yi sallama da ƙarfi ba, rigarsa duk laka. Ya tsaya a tsakar gida ya tambayi mahaifina ko da hannunsa a ciki. Mahaifina mutum ne da ba ya ƙarya ko a ciniki. Ya ce shi ya sayo maganin.

"Hamma," ya ce, haka yake kiransa, "kai wata yana ƙarewa a ba ka abin da za ka ci. Ni masarar nan ce albashina. Ka zaɓa, 'ya'yan ƙanenka ko birai."

Bappa ya ce, "Ban taɓa sa su a ma'auni ɗaya ba. Na ce maka akwai hanyar da kowa zai ci. Kai ne ba ka jira ni ba."

"Shekara nawa kana jiran waɗanda kake jira?"

Ina ganin wannan tambayar ta fi gubar yi wa Bappa ciwo, domin ba shi da amsarta. Ya juya ya fita. Daga ranar ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Ba su yi gaba irin wadda addini ya hana ba, in sun haɗu a jana'iza ko suna sukan yi musabaha, amma iyakarta ke nan. Da Sallah ni nake kai tuwon gidan nan can, in kawo na can nan. Dattawan dangi sun sa baki, kowannensu ya ce shi ba ya riƙe da kowa.

'Yan biran da suka tsira sun ɗan zauna a ƙwanƙolin dutse, ba sa yarda ko shi ya matso. Wannan ma ya dame shi. Ya ce shi ya koya musu cewa mutum zai iya zama kusa ba tare da cuta ba, ga abin da ya jawo musu. Kafin rani ya ƙare suka ɓace. Ya bi ƙauyuka a kan babur yana tambaya, ya hau duwatsun da ke gaba, yana neman sawu ko kashi. Bai samu komai ba. Kurmin kuma aka ƙarasa shi, rafin da ba ya ƙafewa ya koma yashi tun kafin tsakiyar rani, matan ƙauyen tsohuwar suka koma tono da ƙwarya. Gonar mahaifina ma ba ta yi albarka ba, ruwa ya zaizaye ta, daga baya ya sayar wa masu gini.

Aka yi wa Bappa ritaya. Bai daina tashi da asuba ya ɗaura gora a babur ba, sai dai yanzu yakan dawo kafin hantsi. Ya daina ba da labarin birai a wurin cin abinci. Shuke-shukensa na gwangwani ya bar ba su ruwa, Inna ce ta ci gaba da zuba musu har ta gaji. Na taɓa ce masa ya zo makarantarmu ya yi wa yara bayanin namun daji. Ya ce me zai ce musu, ya kwatanta musu abin da ba za su taɓa gani ba? Na ce ai akwai a wasu wurare. Ya ce kowane wuri yana da nasa mai gatarin, lokaci ne kawai bai kai ba. Ban san shi da irin wannan maganar ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zaune a rana don dabba ta yarda da shi, shi ne ya koma ba ya sa ran komai.

Hawan jini ya kayar da shi a banɗaki wata safiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma da ƙyar, amma hankalinsa garau. Muka dawo da shi gida daga asibiti da aka ce sai dai addu'a. Na je na durƙusa gaban mahaifina na ce masa likita bai ba da rai ba. Ya ce ya ji. Kwana biyu bai zo ba. A na uku, bayan la'asar, sai ga sallamarsa.

Ya zauna a bakin gado. Suka gaisa kamar baƙi. Ina tsaye a ƙofa da kwanon kunu, na rasa ko in shiga ko in koma. Mahaifina yana ta murza hularsa a hannu. Can ya gyara murya ya ce jiya ya bi ta wajen dutse, ya ga birai sun dawo.

Bappa ya juyo da ido ya dube shi. Ya tambaya, a hankali, da yawa?

Mahaifina ya ce da yawa, har da ƙanana a bayan uwayensu. Ya ce suna zaune a kan falalen dutse suna shan hantsi, sun yi ƙiba. Yana magana yana kallon bango. Ni na san makon da ya wuce na bi ta wurin, ba komai sai tulin tsakuwa da harsashin gine-gine.

"A ina suke shan ruwa?" in ji Bappa.

Mahaifina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba. Bappa ya miƙa hannunsa mai lafiya, na hagu, ya lalubo gwiwar ƙanensa ya dafa.

"Madalla," ya ce. "Tunda sun dawo, madalla. Ka kyauta da ka zo ka faɗa min."

Suka zauna a haka har aka kira magariba. Mahaifina ne ya ɗaga shi ya yi masa alwala, ya juya shi gabas. Da ya tafi na shiga da kunun, ya riga ya huce. Ina ba shi a cokali, sai ya kau da baki, ya dube ni, gefen fuskarsa mai motsi ya ɗan yi murmushi.

"Babanki bai iya ƙarya ba," ya ce. "Tun yana yaro. Kada ki gaya masa na gane."

Ban gaya masa ba, kuma ba ya karatun boko, ba zai ga wannan ba. Bappa ya cika bayan 'yan kwanaki, da hantsi, mahaifina yana riƙe da kansa.

Allah ka san abin da bawanka ya so ya tsare bai samu iko ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka saukar da shi inda inuwa ba ta ƙarewa kuma ruwa ba ya ƙafewa. Mu da muka rage, ka ba mu haƙurin zama a abin da hannuwanmu suka bari.